Daga Intanet zuwa Allon Aji: Jagora ga Malamin Kimiyya na Ƙaramar Sakandare

A shekarar 2001 wani masanin fiziks ɗan Amurka, Carl Wieman, ya ci kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Da shekara ta zagayo sai ya ɗebi wani kaso na kuɗin kyautar ya kafa shiri a Jami'ar Colorado da ke garin Boulder, aka raɗa masa suna PhET. Aikin shirin shi ne ƙera ƙananan ɗakunan gwaji a cikin kwamfuta: yaro ya jawo batir da yatsa, ya jona masa wayar wuta, ƙwan fitila ya kama, ya zare wayar, ƙwan ya mutu. Yau irin waɗannan gwaje-gwaje sun haura 150, ba a biyan ko sisi a shafinsu, kuma ana iya sauke mafi yawansu a ajiye a wayar hannu a buɗe su ko a ƙauyen da sabis ba ya kaiwa.

Malamin Basic Science da ke Gumel ko Funtuwa ko Azare yana da damar taɓa wannan kaya daidai da takwaransa na Landan. Inda suka sha bamban shi ne ajin da kowannensu zai shiga. Na nan yakan tarar da yara 70 ko 80, wasu uku-uku a benci, wasu a ƙasa, babu wuta, ɗakin gwaje-gwajen makaranta ya zama sito ko kuma tun farko ba a gina shi ba, ga minti 35 ko 40 kacal kafin a kaɗa ƙararrawa. A irin wannan aji intanet ba ta da amfani kai tsaye. Amfaninta yana zuwa ne ta hannun malamin da ya zauna tun jajibiri ya zaɓa, ya sauke, ya gwada, sannan ya shiga aji da abu ɗaya tak da ya san abin da zai yi da shi.

Sikim kafin Google

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya buɗe YouTube ya rubuta "science", ya yi ta kallo har dare ya raba, ya tara bidiyo ashirin masu ƙayatarwa waɗanda babu ko ɗaya da ya dace da darasin Litinin. Daga takarda ake farawa. Manhajar karatun ƙasa tana fitowa ne daga hukumar NERDC, jihohi kuma su yayyanka ta mako-mako su ba makarantu sikim. Malami ya ɗauko sikim ɗin zangon, ya bi shi da biro yana yi wa kowane darasi tambaya guda: mene ne a cikin wannan da yara ba za su iya gani da ido ko taɓawa da hannu a harabar makaranta ba?

Amsar takan rage aikin sosai. Sassan tsiro ba sa buƙatar waya, ga darbejiya nan a bakin aji, ga gyaɗa da za a tuge a ga saiwarta. Nau'o'in ƙasa ma haka: yashi, laka da jigawa suna bayan katanga. Amma ƙwayar zarra, tafiyar lantarki a cikin waya, zagayen duniyoyi, bugun zuciya da yadda jini ke kewaya jiki, waɗannan ko malami ya fi kowa iya zane, alli ba ya motsi. Su ne suka cancanci a kashe musu data. A zango guda da ƙyar su wuce biyar ko shida.

Sai kuma neman. Da Turanci ake nema, da ainihin kalmar da ke cikin littafin aji, a kuma ƙara sunan shafin da aka amince da shi, domin hakan ke kawar da tarkace. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a 2008, tana da sashe na musamman na kimiyyar 'yan ƙaramar sakandare, da gajerun bidiyo da tambayoyin gwaji. Gidauniyar CK-12, wadda ta fara a 2007, ta fi ƙarfi a rubutaccen bayani mai sauƙin Turanci da zane-zane masu tsabta, irin waɗanda malami zai kwafa a allo. FuseSchool a YouTube bidiyonta gajeru ne, mafi yawa minti uku zuwa biyar. Dukansu an tsara su ne bisa manhajar wasu ƙasashe, don haka abin da Amurka ta sa a aji shida yana iya faɗowa a JSS 2 a nan. Da sunan darasi ake bi, a manta da lambar aji.

Na gida kuwa akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022 bisa fasahar Microsoft. Fifikonsa shi ne an jera darussansa bisa manhajar Najeriya, kuma akwai waɗanda aka yi da Hausa, Igbo da Yarbanci. Ingancin darussan ya bambanta daga wannan zuwa wancan, wani ya yi kyau, wani karatun littafi ne kawai aka naɗa, amma ya isa a fara dubawa a can kafin a tsallaka waje.

Yadda ake kwasowa

Abin da ba a sauke ba, a ɗauka babu shi. Malamin da ya tsaya gaban yara yana jiran bidiyo ya buɗe, da'irar nan tana ta juyawa, cikin minti biyu zai rasa ajin, kuma dawo da hankalin yara 80 ya fi ƙarfin sauran lokacin da ya rage.

Kamfanonin waya suna sayar da datar dare da araha, kuma da ita ya kamata a yi wannan aiki. A shafin PhET mafi yawan gwaje-gwajen suna da alamar saukewa. Fayil ɗaya ne ke sauka, 'yan megabait kaɗan, kuma yana buɗewa a Chrome ko wani burauza ba tare da intanet ba. Wasu wayoyin sai an shiga ma'ajiyar fayiloli an danna shi an zaɓi burauzar da za ta buɗe, shi ya sa gwaji a gida ya zama dole. Bidiyo kuma ba sai an ɗauko mai nauyi ba, 360p ko 480p ya wadatar a fuskar waya, ya kuma rage cin data nesa ba kusa ba. A lura da abu ɗaya: bidiyon da aka sauke a cikin manhajar YouTube a cikinta yake zama, ba ya turuwa ta Xender ko Bluetooth, kuma yakan nemi a leƙa intanet lokaci-lokaci kafin ya ci gaba da buɗewa.

Bayan an gama, a kashe data gaba ɗaya, a sa wayar a yanayin jirgin sama, a buɗe kowane fayil a ga ya yi aiki. Sannan a canza masa suna zuwa abin da za a gane, kamar "JSS2 mako 4 lantarki", a jefa shi a jakar ajinsa a kan memori. Wanda ya bar fayiloli da sunayensu na asali zai ɓata kwata na darasi yana lalube.

Makarantar da ke da laftof ko guda ɗaya tana iya wuce nan. Ƙungiyar Learning Equality ta fitar da manhajar Kolibri a 2017 saboda wuraren da babu intanet. Ana ɗora ta a kan laftof ɗin, a shigo da rumbunan Khan Academy, PhET da CK-12 sau ɗaya, ko ta intanet ko daga filashin wani da ya riga ya sauke. Idan aka haɗa laftof ɗin da ƙaramar rawuta, duk waya ko tablet da ke kusa za ta iya shiga ta kalli darussan ba tare da an taɓa data ba, malami kuma ya shirya tambayoyi ya ga wanda ya amsa da wanda ya tsallake. Hausa tana cikin harsunan da maɓallan manhajar ke fitowa da su. Kiwix kuma, wadda Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007, ita ke ɗauke Wikipedia ta ajiye a waya. Ta Turanci cikakkiya da hotunanta ta haura gigabait 90, ba wanda zai ba malami shawarar ɗaukarta, amma akwai ƙananan yanki na fiziks kaɗai ko kemistiri kaɗai, akwai kuma Wikipedia ta Hausa wadda ba ta da nauyi.

Minti 40 da batir ɗaya

A ɗauki darasin lantarki a misali, domin a nan ake gane bambancin nuna wa yara abu da koyar da su. Gwajin PhET mai suna Circuit Construction Kit yana buɗewa da fili shuɗi, a gefe ga batir, ga ƙwan fitila, ga waya, ga makunni. Malama ta haɗa batir ɗaya da ƙwai ɗaya. Ƙwan ya haska, wasu 'yan ɗigo masu alamar ragi suka fara tafiya a jere cikin wayar. Su ne ilektaron ɗin da littafi ke ta ambato yara suna haddacewa.

A nan ta dakata. Ta kife wayar a kan tebur, ta zana a allo batir ɗaya da ƙwai biyu a layi guda, ta tambaya: idan aka ƙara na biyu, haske zai ƙaru, zai ragu, ko zai tsaya yadda yake? Kowa ya rubuta amsarsa a littafi kafin a ɗaga hannu, don kada a bi bakin wanda ya saba zuwa na ɗaya. Ta ƙirga hannuwa ta rubuta adadin a gefen allo. Yawanci ajin kan rabu uku, gardama ta kaure, wani ya ce ai ƙwai biyu sun fi ɗaya haske, wata ta ce na farkon zai shanye wutar ya bar na biyu da kaɗan. Wannan gardamar ita ce darasin, kuma ta cancanci minti biyar cur.

Sai a nuna. Ƙwai biyun suka dushe, daidai wa daida, ɗigon nan suka rage sauri. Idan aka jawo ma'aunin ƙarfin wuta aka ɗora, batir mai bolt 9 da ƙwai ɗaya yana nuna amfiya 0.9, da biyu a jere kuma 0.45, rabi ke nan cif. Wadda ta ce na farko zai shanye wutar ta gani da idonta cewa ɗigon da suka shiga ƙwan su ne suka fita, babu wanda ya ɓace. Daga nan malama ta sake haɗin, kowane ƙwai da nasa layin zuwa batir, ta cire ɗaya, ɗayan ya ci gaba da ci. Tambayar da ke biye a bayyane take: wanne irin haɗi mai wayarin ya yi a gidanku, tunda ƙwan zaure kan mutu na ɗaki yana ci? A ƙarshe ta jona kan batir da gindinsa da waya tsura, wuta ta tashi a jikin batirin a fuskar wayar, yara suka yi ihu. Dalilin gobarar da ake cewa wayoyi sun haɗu ke nan, da kuma amfanin fis.

Duk lokacin da aka kalli fuskar waya a wannan darasi bai kai minti goma ba. Ragowar magana ce da zane da rubutu, da kalmomin Turancin da za su fito a jarrabawar BECE, series da parallel, waɗanda sai yanzu suka samu abin da za su rataya a kai.

Tambayar da kowane malami zai yi ita ce ta yaya yara 80 za su ga waya ɗaya. Inda akwai majigi da janareto ko sola, magana ta ƙare, sai dai a toshe tagogi biyu na gaba. Inda akwai talabijin a ofishin shugaban makaranta, igiyar HDMI daga laftof ta isa. Inda babu ko ɗaya, layi-layi ake yi: malama ta bi tsakanin benci tana nuna wa yara takwas ko goma a lokaci guda na daƙiƙa talatin, sauran suna zana haɗin da ke allo suna jiran a zo kansu. Yana cin lokaci, amma yana yiwuwa, musamman idan abokin aiki ya ara tasa wayar aka tura masa fayil ɗin ta Xender aka raba ajin biyu. Bidiyo mai magana kuwa, a rufe muryarsa. Turancin Amurka da sauri ga yaron JSS 1 hayaniya ce kawai. Malama ta tsayar da hoton inda take so, ta yi bayanin da bakinta, da Hausa idan ta kama, sannan ta maimaita da Turancin littafi.

Zoɓo, kanwa da randa

Gwajin cikin waya ba ya zubewa, ba ya ƙona yatsa, ba ya ƙin yi. Wannan shi ne kyansa, shi ne kuma aibinsa, domin yaron da bai taɓa ganin gwaji ya ƙi ba yakan ɗauka kimiyya wani abu ne da ke faruwa a cikin na'urar Turawa. Saboda haka duk abin da aka nuna a waya, a nemi ɗan'uwansa da za a taɓa da hannu a makon. Bayan darasin lantarki, batirin tocila biyu, ƙwan tsohuwar tocila da guntun wayar rediyo sun isa rukuni guda.

Darasin asid da bes ya fi kowanne sauƙin samun ɗan'uwa. PhET yana da gwajin pH Scale mai nuna ma'aunin tsami daga 0 zuwa 14, ruwa zalla a kan 7. A aji kuma sai a jiƙa zoɓo a ruwan zafi ba sukari, a tace, a zuba a kofunan roba masu haske guda biyar. A matsa lemon tsami a na farko, jan ya ƙara fitowa fes. Ruwan tsamiya a na biyu, haka. A ɗiga jiƙaƙƙiyar kanwa a na uku, nan take launin ya juye ya yi duhu ya koma wajen kore. Ruwan toka da garin sabulun wanki su ma haka za su yi. Sinadarin da ke ba zoɓo launinsa shi ke canzawa da tsami ko rashinsa, aikin da takardar litmus ke yi a ɗakin gwaji ke nan. Yarinyar da ta saba ganin mahaifiyarta na jefa kanwa a miya ko a wake za ta koma gida da tambaya a bakinta.

Haka darasin yanayin abu uku, daskararre, ruwa-ruwa da iska. Gwajin States of Matter yana nuna ƙwayoyin ruwa a cikin tukunya, a ƙasa akwai wuta da ƙanƙara. A ƙara wuta, ƙwayoyin su fara tsalle, masu sauri su tsere sama. A sanyaya, su jeru su bar ramuka a tsakaninsu, wanda shi ya sa ruwa ke kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kwalba ta fashe a firiza. Daga nan zuwa randar tsakar gida taku ɗaya ne: ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bin iska, masu zafin ne ke tafiya, na ciki ya yi sanyi. Da wannan ilimin Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da ganye ba tare da lantarki ba, har ta kai shi ga kyautar Rolex a shekarar 2000. Tukwane biyu, yashi da ma'aunin zafi ɗaya sun isa aji ya maimaita aikinsa, ya auna ciki da waje kowace safiya da rana har mako guda.

Mai neman ƙarin irin waɗannan dabaru ya nemi Arvind Gupta, injiniya ɗan Indiya da ya shafe shekaru yana ƙera kayan koyar da kimiyya daga shara: murfin kwalba, tsinken tsintsiya, tsohon tayar keke, bututun shan lemo. Bidiyonsa ɗaruruwa ne, yawancinsu minti ɗaya ko biyu, kuma hannu ne ke magana a cikinsu, ba a buƙatar jin harshen. Shirin TESSA na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wanda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, ke cikin abokan aikinsa, shi kuma malami yake koya wa yadda zai tafiyar da gwaji da aikin rukuni a aji mai cunkoso, kuma takardunsa ana sauke su a buga.

Ita kanta wayar ma kayan awo ce. Manhajar phyphox ta Jami'ar Aachen da ke Jamus tana amfani da makirufo da sauran na'urorin da ke cikin waya ta auna ƙarfin ƙara, kaifin sauti da girgiza. A jera kwalabe da ruwa daban-daban a busa bakinsu, lambar kaifin sautin tana hawa tana sauka a gaban yara.

Hazo daga sama, inuwa daga Kalaba

Akwai abin da intanet ke bayarwa wanda babu ɗakin gwajin da zai iya. Shafin Worldview na hukumar NASA yana ajiye hotunan tauraron ɗan'adam na kowace rana tun daga shekarar 2000. Malami ya zaɓi wata rana a Disamba ko Janairu, ya matso da taswirar arewa maso gabashin Tafkin Chadi, zai ga farar ƙura tana tasowa daga kwarin Bodele, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi busasshen gindin wani tsohon tafki. Hazon da ke rufe Maiduguri da Kano da Damagaram lokacin hunturu, wani kaso mai yawa nasa daga nan yake tasowa, wani ma har ya tsallaka Tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Hoton fuskar waya guda biyu, na ranar hazo da na ranar garau, sun isa darasin iska da yanayi. Haka hotunan Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa.

Stellarium kuma manhaja ce ta kyauta a kwamfuta da ke nuna sararin samaniyar kowane gari a kowane dare, ba ta buƙatar intanet bayan an ɗora ta. A sa Sakkwato, a kai ranar 29 ga wata, a ga inda jinjirin yake lokacin faɗuwar rana da dalilin da wani lokaci ba ya ganuwa. A nemi Kaza da 'Ya'yanta, a ba yara aikin gida su nemo ta da ido bayan isha'i.

Gwajin da ya fi duka armashi kuwa sanda ɗaya yake buƙata da abokin aiki a WhatsApp. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, Eratosthenes ya auna kewayen duniya ta hanyar kwatanta inuwar tsakar rana a Iskandariya da ta garin da yau ake kira Aswan, ya samu bambancin digiri 7.2, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Najeriya ta yi sa'a da garuruwa biyu da suka dace da wannan aiki: Kano da Kalaba kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, Kano a digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Kalaba a kusan 5. Malami a Kano ya nemi takwaransa a can, ta ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN ko ta wani tsohon abokin hidimar ƙasa, su sa rana tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da inuwar garuruwan biyu ke faɗuwa arewa. Kowannensu ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe a fili mai laushi, yara su riƙa sa alama a bakin inuwar duk minti biyar daga ƙarfe 12 zuwa 1. Mafi gajarta ita ake so, wato zawali, wanda duk yaron da ya yi karatun lokutan salla ya san shi. A ranar 21 ga Maris, misali, inuwar Kano za ta kai kusan santimita 21, ta Kalaba kusan 9. A zana sandar da inuwarta a takarda bisa ma'auni, a auna kusurwar da ma'aunin cikin mas-set, a ɗebe ƙarama daga babba: kusan digiri 7. Ma'aunin nisa na Google Earth zai ba da tazarar garuruwan a miƙe, wajen kilomita 780. A raba 360 da 7, a ninka da 780, amsar ta faɗo kusa da kilomita 40,000. 'Yan JSS 3 sun auna duniya da sanda, datar da aka kashe kuma ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da za a kiyaye

Intanet cike take da kimiyyar ƙarya mai kyan hoto: cajin waya da albasa, janareton maganaɗisu mai ba da wuta har abada ba mai. Yara sun riga sun gan su a TikTok da Facebook. Maimakon a hana, a kawo ɗaya aji bayan darasin makamashi a ce su nemo inda aka ɓoye batirin. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT suna taimakawa wajen tsara tambayoyi ko sauƙaƙa Turanci, amma sukan yi kuskure da cikakkiyar gadara, Hausarsu ta kimiyya kuma sai an bi ta da gyara. Duk lambar da suka bayar a duba ta a littafi kafin ta hau allo.

Bidiyo kuma a kalle shi daga farko har ƙarshe kafin a nuna, musamman na darasin balaga da haihuwa, inda zanen da ya wuce a wata ƙasa zai iya tara iyaye a ofishin shugaban makaranta washegari. Kada a miƙa wa yaro waya da data a buɗe, kada kuma a ɗora hoton ɗalibai a shafukan sada zumunta ba da izinin iyayensu da na makaranta ba.

Malaman kolej a Maraɗi da Tawa da Damagaram, masu koyarwa da Faransanci, kusan duk abin da aka ambata yana da nasu: gwaje-gwajen PhET suna da fassarar Faransanci, Khan Academy ma haka, Kiwix tana ɗauke da Vikidia da aka rubuta don yara, ga kuma gidauniyar La main à la pâte da ta samo asali daga aikin Georges Charpak, shi ma mai kyautar Nobel, wadda ta ƙware a darussan gwaji da hannu.

Nauyin datar ma ba dole kowane malami ya ɗauka shi kaɗai daga albashinsa ba. Fayil ɗin da mutum ɗaya ya sauke yana iya zagaya ƙaramar hukuma guda cikin yini ta memori da filashi. Shugabannin makarantu da jami'an ilimi na shiyya su ware awa ɗaya a taron farkon zango, malaman kimiyya su zo da wayoyinsu da sikim ɗinsu, a raba darussan a tsakaninsu, kowa ya sauke biyu ya tura wa sauran.